Ranar Da Muka Tsallake

A Plovdiv, hawa na uku, ofishin karɓar kuɗin ruwa,
tagarmu tana kallon kogin Maritsa,
kwamfuta ɗaya tal gare mu, mu bakwai.
Fara ce sol da aka kawo ta,
hayaƙin tabar Zdravko ya mayar da ita launin haƙorin tsoho.

Da safe Tsvetanka ke yaye mata mayafi,
wanda ta saƙa da hannunta, har da jajayen furanni a gefe.
Ta murza ɗan makulli a ƙirjin akwatin,
ta mayar da shi wuya, kusa da gicciyenta.
Sai na'urar ta yi gyaran murya,
ta shiga ƙirga abin da ta tuna,
mu kuma mu ɗora kofi.
Sannu ba ta hana zuwa. Kafin ya tafasa ta iso.

Baƙin allo, da ɗan farin layi mai ƙifta ido.
Ba ya talla, ba ya tambayar inda ka kwana.
Ka kuskure harafi ɗaya, ya ce bai gane ba,
ya koma jira, babu fushi.
Daga baya tagogi suka zo,
da kwandon shara a kusurwa,
da kartar da Zdravko ke ɓoyewa
in ya ji takun manaja.

Tsaronmu kuwa?
Kalmar sirri tana ƙarƙashin madannai, manne da salatif:
sunan karen Tsvetanka da shekarar da ya mutu.
Duk mun sani. Mai shara ma ta sani.
Sirrin mutum takwas,
bai taɓa sauka matakala ba.

Baƙon faifai ba ya shiga sai an caje shi
kamar fasinja a bakin iyaka.
Namu kuma, a tura ɗan maɓallin kusurwa da farce,
ƙaras, an kulle, ba mai ƙara masa ko wasali.
Kowace Juma'a faifai goma sha ɗaya
a gwangwanin biskit, ni ke kai su gida a kan keke.
Na tara kullum shi ke ba mu kunya.
In hadari ya taso daga duwatsun Rodopi
sai a zare wayar tarho, a zauna a yi hira.

Wata shekara labari ya zo
wai akwai cuta kwance a cikin na'urori
tana jiran shida ga Maris ta farka ta cinye komai.
Zdravko bai ce uffan ba.
Daren biyar ga wata ya shiga agogon kwamfuta
ya rubuta bakwai.
Ranar shida ta biyo titi, ta leƙo tagarmu,
ba ta ga kanta a kalanda ba,
ta wuce.

Yau wayar da jikata Ralitsa ta saya mini
fuskata take nema kafin ta buɗe.
Tun da na rame, takan ce ba ni ba ne.
Lamba ta zo, ta mutu kafin in lalubo tabarau.
An ce hakan ya fi, kuma na yarda:
ƙofarmu ta kara ce,
ɓarawo ne bai san unguwar ba.
Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, na sani.

Amma sha huɗu ga Nuwamban nan
da aka kira daga asibiti da asuba,
aka ce Tsvetanka,
hannuna ne ya fara motsi kafin bakina,
yana neman inda ake shiga agogo.
Zdravko ya riga ta da shekara tara,
ba wanda zan tambaya.

Ɗiyarta ta ba ni ɗan makullin, da zarensa.
Akwatin da yake buɗewa ya daɗe da zama ƙarfen awo.

Ita ce ba ta taɓa barin kowa ya danna maɓalli da garaje ba.
Takan tsaya da jaka a kafaɗa, bas na shirin wuce ta,
har sai allo ya yi baƙi
ya rubuto da haruffa ruwan lemo:
yanzu babu laifi, ana iya kashewa.

Da dare nakan zauna bakin gado, fitila a kunne,
ina jiran wanda zai ce mini haka.